Benen Katako Ba Wasa Ba Ne

Duk wanda ke biyan kuɗin haya a Ikko ya san tsadar ɗaki. Saboda haka ya kamata mu dubi abin da Turawa ke yi da katako.

A Landan, cikin 2009, an gama benen gidajen zama mai hawa 9 wanda kusan dukkansa katako ne. A 2022 kuma aka gama mai hawa 25 a birnin Milwaukee na Amurka. Dabarar ita ce a manna alluna a gicciye har su yi kauri, a yanka bango da daɓe a masana'anta, a kawo su a harhaɗa. Aiki na sauri, ma'aikata kaɗan. Wuta ma bayan katako mai kauri take ci, cikinsa ya daɗe bai kama ba.

Amma fa gara da damina ba sa raga wa katakon da ba a sa masa magani ba, ga dazuzzukanmu suna ƙarewa. Benen Ikoyi da ya rushe a 2021 na kankare ne. Ashe gini, ko na mene ne, sai da mai duba shi tsakani da Allah. Muna kira ga hukuma ta fara tsara dokar gini da dashen itatuwa tukuna.