Ra'ayinmu: Tabon Hanta Ba Ya Yin Sallama

Kowa ya san tabon da rauni kan bari a fata. Abin da 'yan kasuwarmu da yawa ba su sani ba shi ne, hanta ma tana yin tabo, kuma nata kisa yake yi.

A cikin hanta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, waɗanda aikinsu ajiyar bitamin A ne. Idan ƙwayar cutar hanta nau'in B, ko giya, ta yi ta raunata hanta, sai su farka su shiga saƙa wani zare mai tauri, wato kolajin, don ɗinke raunin. Muddin raunin bai tsaya ba, ɗinkin ma ba ya tsayawa. A hankali hanta ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta. Shekara ashirin mutum na harkarsa tsakanin Sokode da Dapaong da Sinkase bai ji komai ba, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, a ce sammu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da wannan cuta, kuma ta kashe miliyan 1.1. Togo ta sa rigakafinta cikin allurar jarirai a 2008. Ke nan yawancin masu shaguna da direbobinmu an haife su kafin nan.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya je babban asibitin Sokode ko na Dapaong a gwada jininsa, da na iyalinsa, musamman masu juna biyu, domin jariri ya fi kowa saurin ɗauka. Wanzamai su daina aski da aska ɗaya. Masu sito su guji sayar da gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna, gubarsu na jawo kansar hanta.

Akwai magani, irin su Tenofovir, da ke danne ƙwayar cutar, har bincike ya nuna tabon kan ragu idan an fara da wuri. Ɗan kasuwar da ke ƙidaya kayansa kullum bai kamata ya bar uwar kuɗinsa, wato lafiyarsa, ba lissafi ba. Allah Ya sa mu dace.