Sana'ar da ba a tunawa da ita sai an binne yara

A gidajen 'yan boko na Malali, Unguwar Rimi da Unguwar Dosa, idan yaro ya nemi gurbin karatun likita aka ba shi na likitan dabbobi, jaje ake yi wa iyayensa. A karɓa da haƙuri, a ce ya fara zuwa Samaru kafin a samo hanyar yi masa canji. In kuwa ya gama shekarunsa shida ya ce zai zurfafa a nazarin illar guba a sassan jiki, sai a tambaye shi wa zai ɗauke shi aiki. Tambayar tana kan hanya, domin guraben ba su da yawa. Inda iyayen suka kuskure shi ne zaton cewa ƙarancin guraben yana nufin ƙarancin buƙata. Guraben sun yi ƙaranci ne saboda ba a matsa wa masu sayar wa jama'a abin sha da abin haɗiya su biya kuɗin cikakken gwaji ba.

Aikin kansa ba boyayye ba ne. Kafin a bai wa mutane sabon magani, ko a saki maganin ƙwari a kasuwa, ana ba da shi ga dabbobin gwaji, galibi ɓeraye, na kwana 28 ko 90. Daga nan a ciro hanta, ƙoda, zuciya, ƙwaƙwalwa da sauran sassa, a jiƙa su a fomalin, a daskarar da su cikin kaki, a yanko su sala-sala, kowane yanki ya fi gashin kai siranta fiye da sau goma, a rina, a ɗora a gilashi. Wanda zai zauna gaban madubin likita ya ce wannan tabon guba ce ta yi shi, wancan kuma tsufa ne ko wata cuta ta daban, shi ne gwanin da ake magana a kansa. A Amurka da Turai akasarin masu wannan sana'a likitocin dabbobi ne, kuma kamfanonin magunguna ne ke rububinsu. Kowace guba tana da irin sawun da take bari. Dalma takan bar wasu ɗigo a cikin ƙwayoyin ƙoda. Gubar fumfunar gyaɗa hanta take ci, kuma ta hanyar dabbobi aka fara gano ta, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa.

Arewa ta riga ta biya kuɗin rashin wannan ido da rayukan 'ya'yanta. A 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da sinadarin dayetilin gilaikol, wanda ke kashe ƙoda har fitsari ya ɗauke. A ƙarshen 2008 sinadarin nan dai ya sake ɓullowa a cikin My Pikin, maganin haƙoran jarirai, kuma asibitin koyarwa na Shika yana cikin wuraren da aka kwantar da yaran. Hukumomi sun ce 84 ne suka rasu a faɗin ƙasar. Abin takaicin shi ne duniya ta san halin wannan sinadari tun 1937, lokacin da ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, kuma wannan musiba ce ta haifar da dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da amincin magani kafin sayar da shi. Can mutuwar ta haifi doka, dokar ta haifi sana'a. A nan ta haifi shari'a da ɗaurin wasu ma'aikatan kamfani, sannan aka koma harkokin gabansu.

Labarin Zamfara ya fi kowanne nuna inda likitan dabbobi ya kamata ya tsaya. A farkon 2010 agwagi suka riƙa ƙarewa a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara aka gano gubar dalma ce a Dareta, 'Yargalma, Bagega da maƙwabtansu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka tafi. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke iyaka da Jihar Kaduna, yara 28 suka rasu. Gargaɗin ya fara zuwa ne a jikin dabbobi, a ƙasar da ke kallon mai iya karanta shi a matsayin wanda ya rasa gurbin likita.

Akwai wani dalili da ya sa wannan sana'a ta fi muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa. Musulmin Arewa yana gaggauta jana'iza, kuma iyalai kaɗan ne ke yarda a binciki gawa, duk da cewa Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta hakan tun 1976 domin binciken laifi ko gano annoba. Ba a tsammanin wannan al'ada za ta sauya gobe, kuma babu mai hankalin da zai tsaya jayayya da uwar da ta rasa ɗa a kan haka. Amma al'ummar da ba ta bincika mamatanta ita ce ta fi kowa buƙatar a yi binciken tun da wuri, a jikin ɓera, kafin abin ya kai bakin yaro.

Kayan aikin kuwa suna nan, a warwatse. A kan titin Surame akwai hedikwatar cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda asalinta ya koma 1947, kuma ɗaliban kimiyya da dama daga wurinta suke sayen ɓerayen gwaji. Asibitin koyarwa na Barau Dikko yana tsakiyar gari. NAFDAC tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Tafiyar kilomita kusan 80 ce zuwa Zariya, inda tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke da sashen nazarin cututtuka da na magunguna da guba, ga cibiyar binciken sinadarai a Basawa. Garuruwa kaɗan ne a Afirka ta Yamma suka tara irin wannan a kusa da juna.

Abin da ake yi da su shi ne kundin digiri. Kowace shekara ɗalibai suna ɗura wa ɓeraye ruwan saiwa ko ganye, su lissafa adadin da ke kisa, su manna hotunan hanta biyu ko uku a babi na huɗu, a ba su maki, kundin ya hau kanta. Ba laifin ɗaliban ba ne, kuma a cikin binciken akwai mai kyau. Sai dai hukumomin ƙasashen waje ba sa karɓar sakamakon gwajin aminci sai daga ɗakin da ke bin ƙa'idojin da ƙungiyar OECD ta shimfiɗa, inda ake ajiye kowane gilashi da kowace takarda domin mai bincike ya zo ya sake dubawa. Afirka ta Kudu ta shiga tsarin amincewa da sakamakon juna na wannan ƙungiya, Indiya ma ta shiga a 2011, kuma kamfanonin gwajin kwangila na Indiya yanzu suna ɗaukar likitocin dabbobi suna yi wa kamfanonin duniya aiki. Najeriya ba ta ciki. Wanda ya ƙware a Samaru, in yana son ya ci abinci da ƙwarewarsa, ko dai ya tsaya koyarwa ko ya nemi biza.

Za a ce gwajin yana da tsada, kuma mai haɗa maganin basir a Kawo ba zai iya biyan kuɗin ɓeraye na kwana 90 ba. Gaskiya ne, shi kaɗai ba zai iya ba. Amma motocin da ke yawo da lasifika a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna tallar maganin sanyi da na ƙarfin maza ba sadaka suke rabawa ba. Ciniki ne mai kauri, kuma mutane sukan sha waɗannan jiƙe-jiƙe wata da watanni. Gwajin da ya nuna cewa kurɓi ɗaya ba ya kisa bai ce komai ba game da abin da shan wata uku zai yi wa ƙoda. Kuma ana biyan kuɗin ko an ƙi ko an so, sai dai iyalai ne ke biya a ɗakin wankin ƙoda, manoma kuma sun biya nasu lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari na daikulobos a cikinsa.

Gwamnatin tarayya tana maganar haɗa kashi 70 cikin 100 na magunguna a cikin gida kafin 2030. Masana'antar magani da ba ta da masu duba illa sake zuba kayan wasu a kwalba kawai take yi. Abin da ke hannun Gidan Sir Kashim Ibrahim bai kai gina sabon asibiti tsada ba: ɗakin gwaji guda ɗaya mai cika ƙa'ida, da haɗin gwiwar jami'ar jiha da ta Zariya, inda ƙananan masu haɗa magani za su kai kayansu a farashi mai rangwame, guraben ƙaro karatu ga likitocin dabbobi kaɗan a kowace shekara, da sharaɗin su dawo, da umarnin cewa duk mutuwar dabbobi ta bai ɗaya kusa da wurin haƙar ma'adinai, a Birnin Gwari ne ko a wani wuri, a kai samfurinta ɗakin gwaji a makon da ta faru. Sauran yana hannun NAFDAC, wadda ita ce ke da ikon cewa duk abin da aka yi domin a daɗe ana sha, sai an kawo rahoton gwajin kwana 90 mai ɗauke da sa hannun wanda ya duba gilasan kafin a sabunta masa rajista.