Tsohuwar mota daga ciki take lalacewa

Ina ganin masu tsofaffin motoci masu ƙofa biyu a unguwannin Nima da Maamobi, irin su Toyota Celica da aka daina ƙerawa a 2006 ko Honda Prelude da aka tsayar a 2001, suna zuba kuɗi a fenti da tayoyi, cikin motar kuwa ko oho. Wannan kuskure ne babba a gari irin Accra. Iskar teku tana ɗauke da gishiri da laima, damina kuma ta cika kwatoci. Da zarar robar ƙofa ta bushe ta tsage, ruwa zai kwanta ƙarƙashin kafet, soso ya sha, tsatsa ta ci ƙasan motar ba wanda ya sani, sai ranar da ƙafa ta nutsa. Don haka nake cewa a fara da ɗaga kafet a shanya, a canja robobin ƙofa da na gilashi, kafin a je wajen mai kushin. Dashbod da rana ta fasa ma ana rufe shi da fata. Abin da ke min ciwo shi ne ƙananan kaya: hannun ƙofa, maɓallan gilashi, murfin akwatin gaba. Kamfani ya daina yin su, a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ma sai an sha yawo. Duk motar da aka farfasa aka sayar wa masu gwangwan na Old Fadama a kan kilo, da irin waɗannan kayan take tafiya, alhali wani makanike a Kokompe yana can yana nemansu ido rufe.