Kafin A Raba Kwamfuta, A Koya Wa Yaro Baƙi

Duk ɗan siyasar da ya tashi yi wa makarantu alkawari yanzu, kwamfuta ce a bakinsa. An mai da ita maganin kowace cuta: a sauke kwalaye, a jera yara a ɗauki hoto, shi ke nan wai ilimi ya gyaru. Ni dai ban yarda ba.

Ƙasar Peru ta riga mu shan wannan ruwa. Ta raba wa 'yan firamaren karkara dubban ɗaruruwan kwamfutocin tafi-da-gidanka, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Yaran dai sun iya danne-danne.

To, balle mu. Wanda ya saba bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, ya san yadda irin wannan ɗakin kwamfuta ke ƙarewa. Ƙofa da kwaɗo, makulli a aljihun hedimasta don kada a sace a ɗora masa. Ka leƙa ta taga, ka ga an lulluɓe kwamfutocin da leda, ƙurar hunturu ta yi musu bargo, zanzaro ya yi gida a bayan soket. Wuta kuwa, Dam ɗin Tiga yana nan a Bebeji, amma jeka tambayi firamaren ƙauye yaushe rabonta da ganin ƙwan lantarki a kunne. A ajin da ke kusa, yaro ɗan aji biyar yana zaune a ƙasa, bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Gwamna Abba Kabir Yusuf da bakinsa ya faɗi wannan zaman ƙasa lokacin da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024.

Za a ce ai tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne ka ga ɗan Kiru ya fara taɓa madannai ranar jarrabawa. Amma wannan larurar 'yan babbar sakandare ce, cibiya mai sola a kowace ƙaramar hukuma, a buɗe kullum, ta wadatar. Shi ma ɗan Kirun sai ya iya karanta tambayar tukuna.

In fasaha ake so, a hannun malami ya kamata ta fara sauka. Wayarsa ta isa: a tura masa tsararren darasin gobe da Hausa, a ba shi 'yar sola ta caji, a biya shi albashi kan kari, mai duba makarantu ya riƙa zuwa yana ganin ko ana koyarwa. Laifin wannan tsari ɗaya ne, babu kwangila mai maiƙo a cikinsa.

Iyaye da kwamitocin makarantu, in an zo muku da kwalaye, ku ce a fara kawo malami da benci.