Gidan ƴan pompiye a ƙaramin gari

Da an kai amfanin gona rumbu, iskar hunturu ta taso, sai lokacin gobara ya kama. A karkarar Maraɗi, Damagaram da Tawa, inda darni na kara ne, rufin ɗaki kuma na ciyawa, garwashi ɗaya da aka bari a murhu ya isa ya cinye wahalar damina guda.

Saboda haka garin da ya samu gidan ƴan pompiye, da jan kamiyonsa da sojojin da ke kwana kusa da shi, ya samu babban rabo. Amma talakawa su sani, ruwan da kamiyon ke ɗauke da shi ba ya wuce ƴan mintoci in an saki tiyo. In ya ƙare, ina za a sake cika shi? A watan bazara tabki ya ƙafe, pampon gari kuwa da ƙyar yake cika tulun mata. Kamiyon da ya tafi neman ruwa nesa, toka zai tarar in ya komo. Nan aikin magajin gari yake. Daga cikin kuɗin kasuwa da ake karɓa kowane mako, ya kamata a gina kwandon ajiyar ruwa kusa da kasuwa da tasha, tun kafin a yi zancen shafa wa ofis fenti.

Sai kuma hanya. Wani ya ƙara shago, wani ya ja darninsa gaba kamu biyu, har lungu ya zama sai amalanke. Mai unguwa yana gani, yana kawar da kai don kunyar maƙwabci. Haka mai sayar da esansi a kwalba ke zama dab da mai tuyar ƙosai.

Ko manyan birane ba su tsira ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. A watan Afirilu na 2021 wuta ta kashe yara wajen 20 cikin azuzuwan zana a unguwar Peyi-Ba ta Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake rasa fiye da 20 a wata lakwal ta Maraɗi. Can kuwa akwai ƴan pompiye. Zana ba ta jira su ba.

Lambar kiransu 18 ce. Ya dace malaman lakwal su koya wa yara ita, hakimai kuma su zaga da shugaban ƴan pompiye, lungu lungu, a gwada inda kamiyon ke iya shiga, tun kafin sanyi ya sa mutane kwana da wuta a ɗaka.