Maganin Hanta na Ƙasar Sin: A Yi Awo Tukuna

A kasuwa da tasha yanzu ana sayar da ƙwayoyi da shayi na ƙasar Sin. Mai talla yakan ce na hanta ne da rashin narkewar abinci. A ganina, wanda cikinsa ke damunsa kada ya saya sai an yi masa awo.

Ba raina maganin Sinawa nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a asibiti, daga wata ciyawarsu dangin tazargade aka samo shi. Tu Youyou, matar da ta jagoranci aikin, ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka gwada shi, aka san adadin da za a sha.

Masu maganin gargajiyar Sin in sun ce ƙarfin hanta ya tsaya, suna nufin kumburin ciki, yawan gyatsa, nauyi a ƙarƙashin haƙarƙari da saurin fushi. Sukan ba da wani haɗi mai suna Xiao Yao San, wanda ke cikin littattafansu tun wajen shekara 900 da suka wuce. Wannan dabam yake da ciwon hanta na B, wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Shi yakan yi shekaru yana cin hanta ba alama. Awon jini ne ke nuna shi.

Haɗin kansa yana da haɗari. Ban da citta da na'a-na'a, akwai wata saiwa mai zaƙi a ciki, gan cao, wadda yawan shanta ke tayar da hawan jini. A 1996 ma'aikatar lafiya ta Japan ta yi gargaɗi, bayan mutum 10 masu ciwon hanta sun mutu da ciwon huhu suna shan wani haɗin, Xiao Chai Hu Tang. Can likitoci ne ke rubuta shi. To, ina ga na tasha, wanda ko rubutun kwalinsa ba ma iya karantawa?

'Yan'uwa, in ciki ya daɗe yana ciwo, ku zo asibiti, don wataƙila gyambon ciki ne ko tsutsa. In ido ya yi rawaya, ko kashi ya yi baƙi, ko ana aman jini, kada a kwana a gida. Wanda ya riga ya sha, ya riƙo kwalin ya nuna wa likita, ba wanda zai yi masa faɗa. Matambayi ba ya ɓata.