Harajin Kamfanoni: A Faɗi Lissafin Gaba Ɗaya

Tun da Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudirorin haraji huɗu a watan Oktoban 2024, 'yan siyasa suka ja daga, kowa yana ɗauko rabin gaskiyar da ya yi masa daɗi.

Ga ɓangaren da ya shafe mu. A da, kamfanoni suna biyan kashi 3 cikin 100 na ribarsu ga TETFund, asusun da ke gina azuzuwa da ɗakunan karatu a jami'o'i da kwalejojin ilimi, inda ake horas da malamai. Dokar da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta haɗe wannan da wasu ƙananan haraji suka zama kashi 4, aka ware wa TETFund rabi. Rabin huɗu kuwa biyu ne, ko ɗan aji biyu ya sani.

Saboda haka, mai cewa an kashe asusun bai faɗi gaskiya ba, haka ma mai cewa ba a taɓa shi ba.

'Yan'uwa malamai, mu da muke hukunta ɗalibi a kan satar amsa bai kamata mu yaɗa lissafin ƙarya don jam'iyya ba. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: wa zai cike giɓin kashi ɗayan nan?